Ƙyastu da Ƙanƙara: Hura Wuta a Fili Cikin Hunturu Ba da Ashana Ba

1. Hunturu da masu kwana a fili

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu iska ta kan juya a ƙasar Hausa, ta riƙa busowa daga arewa maso gabas. Wannan ita ce iskar hunturu. Daga Hamada ta ke tasowa, kuma mafi yawan ƙurar da ta ke ɗauke da ita daga wani kwari ne da a ke kira Bodele, a arewacin ƙasar Cadi, inda ruwan wani babban tafki ya taɓa kwanciya a zamanin da. Kafin ta iso Kaduna ta riga ta bushe ƙamas. Da tsakar rana laimar da ke cikin iska ta kan yi ƙasa da kashi 20 cikin 100, da asuba kuwa ma'aunin zafi ya kan sauka ƙasa da digiri 15 a waɗansu kwanakin Disamba da Janairu. Ga mutumin Turai wannan bai kai a kira shi sanyi ba. Amma wanda ya kwana a fili da riga ɗaya da ɗan mayafi, iska tana dukansa har gari ya waye, shi ya san abin ba wasa ba ne. Hausa ma ta ware wa wannan hali sunansa. Sanyi shi ne na gaba ɗaya, har da mai laima irin na damina. Ɗari kuwa shi ne busasshe mai iska, wanda ke fasa leɓe da diddige.

Kudancin Kogin Kaduna wuri ne da ba ya rasa masu kwana a fili. Tun kafin a kafa birnin, mutanen Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ke da ƙauyuka da gonaki a wannan yanki. Hanyar jirgin ƙasa ta ratsa shi a kan hanyarta ta zuwa Kano a 1911, aka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sa'an nan layin da ya taso daga Fatakwal ya zo ya haɗu da na Ikko a tashar da ke kudu da kogi wajen 1927. Masaƙar farko ta fara aiki a Kakuri a 1957, waɗansu suka biyo ta, unguwanni irin su Maƙera da Nasarawa da Barnawa suka cika da ma'aikata. Ko da ya ke masaƙar farkon nan ta rufe a 2002, har yanzu akwai masu gadi a ƙofofin masana'antu da shaguna, da direbobi da yaran mota a tashoshi, da masunta da masu yasar rairayi a kogi, da masu lambu a fadama, da Fulani makiyaya a bayan gari. Dukansu wuta ce abokiyar hirarsu da dare.

To, mai karatu zai iya tambaya, me ya sa za a damu da tsohuwar dabara, alhali ga ashana a kowane teburin mai tireda? Dalili biyu ne. Na fari, ashana ta kan ƙare, ta kan jiƙe a aljihun masunci, iska kuma ta kan kashe tsinke goma a jere, kuma ba kullum ne hakan ke faruwa kusa da kanti ba. Na biyu, kalmomin wannan dabara suna cikin taskar harshe, kuma idan aiki ya ɓace kalmarsa ba ta daɗewa a bayansa.

2. Abin da wuta ke bukata

Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: makamashi, da iska, da zafin da ya isa ya sa makamashin ya fara ci. Duk wata dabarar da ɗan Adam ya ƙago, tun daga murza itace har zuwa ashana, hanya ce kurum ta samar da na ukun. Amma zafin da waɗannan dabaru ke bayarwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai fi ƙwayar gero girma ba, ba ya kuwa daɗewa. Ba zai iya kama gungume ba, ba zai iya kama ko da ƙirare ba. Saboda haka tilas a bi da shi hawa hawa: tartsatsi ya kama auduga, auduga ta kama yayi, yayi ya kama ƙirare, ƙirare su kama itace, itace ya kama gungume. Kowane hawa ya ɗan fi na bayansa kauri, kuma ba a tsallake ko ɗaya.

A nan ne mafi yawan masu gwadawa ke faɗuwa. Su kan ɗauka wuyar aikin tana wajen fitar da tartsatsi, sai su zuba ƙarfinsu duka a can, in tartsatsin ya kama kuma sai a iske ba su tanadi abin da zai karɓe shi ba, su tashi neman ciyawa, kafin su dawo ya mutu. Gwani ba ya ƙyastawa sai ya jera kome a gabansa, daga mafi laushi zuwa mafi kauri, inda hannunsa zai kai ba tare da ya miƙe ba. Ƙyastawa aikin minti ɗaya ne; shirin da a ke yi kafin ta shi ke cin rabin sa'a.

Hunturu yana taimakon mai hura wuta ta fuska ɗaya, yana kuma cutarsa ta fuska biyu. Taimakonsa shi ne ya busar da kome, har ciyawa ta kan karye a hannu. Cutarsa ita ce iskarsa tana kwashe ɗan zafin nan kafin ya kama, ɗarinsa kuma yana sandarar da yatsu, mutum ya kasa riƙe ƙaramin abu da kyau. Don haka masu hikima su kan hura wutarsu tun kafin magariba, da sauran haske da sauran ɗumi a jiki.

3. Ƙyastu da ƙanƙara

Kafin zuwan ashana, fatake da maharba da makiyaya su kan rataya 'yar zabira mai ɗauke da abu uku: ƙyastu, da ƙanƙara, da batta ko guntun ƙaho mai cike da auduga. Ƙyastu ɗan ƙarfe ne da maƙeri ya ƙera, tsawonsa bai wuce na yatsa ba, sau da yawa a kan lanƙwasa bakinsa don a ji daɗin riƙewa. Ƙanƙara kuwa dutse ne mai tsananin tauri, mai kaifi a gefe.

Jama'a da yawa suna zaton wutar tana cikin dutsen ne, ƙarfe ya ke fito da ita. Gaskiyar al'amari ita ce akasin haka. Dutsen ya fi ƙarfen tauri, saboda haka idan suka gogi juna da ƙarfi, kaifin dutsen ya kan kankare waɗansu 'yan mitsi-mitsin ɓarɓashin ƙarfe. Zafin gugar da ƙanƙantarsu su ke sa su kama ci a cikin iska nan take, su yi ja. Watau tartsatsin da ido ke gani ƙarfe ne ke ƙonewa. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin sharuɗɗa biyu da tsofaffi ke kafawa ba tare da sun bayyana sababinsu ba.

Sharaɗi na fari, ba kowane ƙarfe ke yin ƙyastu ba. Ƙusa da rodin gini taushi gare su, dutse ya kan kwarzane su ne kawai, ba wani tartsatsi kirki. Cokali da wuƙar da ba ta tsatsa su ma ba su da amfani. Abin da a ke nema shi ne ƙarfe mai yawan sinadarin gawayi a jikinsa, wanda aka gasa ya yi ja aka tsoma cikin ruwa ya taurara. Tsohuwar magagari ta fi kome dacewa, sai kuma guntun sifirin mota idan maƙeri ya gyara shi. Irin waɗannan tarkace ba su da wuyar samu a wurin da ya daɗe da masana'antu da garejoji kamar Kakuri, kuma sunan unguwar Maƙera kansa kalma ce da ke nufin wurin ƙira.

Sharaɗi na biyu, dutsen ya zama mai kaifi. Ainihin ƙanƙarar da a ke sa wa bindigar maharba ta da, yawancinta daga Turai a ke kawo ta, kuma garin Brandon a Ingila ya yi suna wajen fasa ta da aiko da ita Afirka ta Yamma har cikin ƙarni na 20. Ƙasar Kaduna ba ta da irin wannan, amma tana da madadinta. Farin dutsen nan mai ƙyalli da a ke gani kamar jijiya a jikin duwatsu, wanda kuma a ke tsinta cikin tsakuwar kogi idan ruwa ya janye da rani, taurinsa ya isa. Sai dai wanda ruwa ya mulmula ba ya aiki sai an fasa shi da wani dutse, gefe mai kaifi ya fito. A kare ido lokacin fasawa.

Yadda a ke yi shi ne, a riƙe dutsen a hannun hagu, kaifinsa yana duban sama a ɗan karkace. A ɗora ɗan abin tarar tartsatsi a kansa, daf da kaifin, a danne da babban yatsa. Sa'an nan a kawo ƙyastu da hannun dama daga sama zuwa ƙasa, a shafi kaifin da sauri kamar mai fiƙe alƙalami, ba a buga kamar mai fasa ƙwara ba. In kaifin ya dakushe sai a juya wani gefe.

4. Abin tarar tartsatsi

Tartsatsin ƙyastu rauni gare shi. In ya faɗa a kan takarda ko busasshiyar ciyawa, mutuwa zai yi. Sai abin da ya riga ya zama gawayi mai laushi ne ke karɓarsa da sauƙi. Abin da ya fi kyau shi ne tsumman auduga da aka ƙona aka kashe kafin ya zama toka. A kan sa tsumma cikin ƙaramin gwangwani mai murfi, a huda murfin da ƙusa, a ɗora bisa garwashi. Hayaƙi zai yi ta fita ta hudar. Idan ya tsaya sai a sauke, a toshe hudar, a bari ya huce sarai kafin a buɗe. Abin da za a iske baƙi ne ƙirin, mai taushi, wanda da zarar tartsatsi ɗaya ya sauka a kansa sai ya yi ɗigon ja ya riƙa yaɗuwa. Wanda ba shi da gwangwani ya kan kunna tsumman, ya bari ya yi baƙi, ya cusa shi cikin batta ya rufe. Daga nan a ke gane cewa wutar gobe tun yau a ke shirya ta, a jikin wutar yau.

Wajibi ne tsumman ya zama auduga zalla, kamar tsohon akoko ko alawayyo ko sawayen hannu. Yadi da yawa na wannan zamani gauraye ya ke da zaren roba, wanda in ya ji wuta narkewa ya ke yi ya dunƙule. Gwajinsa mai sauƙi ne: a kai bakin zaren ga wuta, in ya bar toka mai laushi auduga ce, in ya bar ƙulli mai tauri ba ita ba ce.

Daji ma yana ba da nasa. Akwai audugar rimi, da ta gurjiya, da farin gashin da ke cikin 'ya'yan tumfafiya, da totuwar karan dawa, da ruɓaɓɓen itacen da ya bushe har yana marmashewa. Dukansu sun fi karɓar tartsatsi idan an ɗan babbaka su an kashe. Audugar rimi tana da hali na musamman: ta kan tashi fuu gaba ɗaya ta mutu, saboda haka sai an dunƙule ta an haɗa da abin da ya fi ta jimiri. Sa'an nan a tuna rimi ba ya fasa 'ya'yansa sai can wajen ƙarshen rani, don haka mai bukatarta a Disamba sai dai ya nemi ta bara, ko ya zaro daga tsohon matashin kai. Audugar gona kuwa lokacin ɗibarta ke nan. Mai taɓa tumfafiya ya kiyayi nononta, gama yana cutar da ido.

5. Daga ɗigon ja zuwa harshen wuta

Ɗigon jan nan bai zama wuta ba tukuna. Tun da fari an riga an murtsuke busasshiyar ciyawa mai laushi, kamar kan ƙyasuwa ko ganyen tofa ko ɓawon masara da aka yayyage, an dunƙule ta kamar sheƙar tsuntsu, girmanta ya cika tafin hannu biyu. Sai a sa tsumman mai ci a tsakiyar sheƙar, a naɗe ta a kansa a hankali, ba a matse har iska ta kasa shiga ba, ba a kuma sake har zafin ya tsere ba. A ɗaga ta daidai fuska ko sama kaɗan, a ba iska baya, a riƙa hurawa da dogon numfashi marar ƙarfi. Hayaƙi zai fara fari siriri, ya yi kauri, ya koma kamar ruwan ɗorawa. A nan ne a ke ƙara ƙarfin hurawa, sai harshe ya tashi. Wanda ya riƙe sheƙar a ƙarƙashin haɓarsa, hayaƙi zai cika masa ido, wataƙila har gemu ya taɓu.

Da harshe ya tashi sai a kifa sheƙar a inda aka shirya, a jingina mata ƙirare masu kaurin tsinken tsintsiya, sa'an nan masu kaurin yatsa, sa'an nan masu kaurin damtse. Jinginawa a ke yi, ba dannewa ba, domin wuta sama ta ke hawa, tana kuma son hanyar numfashi. Karan dawa yana da kyau a wannan hawa, amma ba a dogara da shi, shi ya sa a ke kwatanta duk abin da ya tashi da ƙarfi ya mutu da wuri da wutar kara. Wutar kwana sai itace mai nauyi. Marke da ƙirya da baushe suna ci a hankali su bar garwashi mai daɗewa, ƙirya ma ita ce maƙera ke so don gawayinta. Doka ta yawaita a dazuzzukan wannan yanki, a cikin gari kuwa darbejiya da turare su aka fi samu. Kuka ba ta da amfani, gama jikinta kamar soso ya ke. Tinya da ƙerana ba a sa su a wuta ko kaɗan saboda dafin hayaƙinsu.

Mai son wuta ta kai shi asuba ba ya tula itace. Ya kan kawo gungume uku ya haɗa kawunansu a tsakiya, duk sa'ad da suka cinye ya tura su ciki kaɗan. Wannan turawa ita ce a ke kira iza wuta. In yana son ta lafa sai ya janye su.

6. Waɗansu hanyoyi

Wanda ba shi da ƙarfe ko kaɗan yana iya murza itace, dabarar da ta girmi ƙira. A kan sami ɗan allo na busasshen itace mai taushi, a yi masa ɗan gurbi kusa da gefe, a yanka tsaga daga gefen zuwa cikin gurbin. A kafa miƙaƙƙiyar sanda mai kaurin yatsa, tsawonta kamar kamu guda, a riƙa murza ta tsakanin tafuka ana dannawa ƙasa. Garin itace mai zafi zai riƙa taruwa a cikin tsagar, ya yi baƙi, har idan zafinsa ya kai wajen digiri 400 ya kama ci da kansa. In garin da ke fita fari ne, dannawa ba ta isa ba. Aiki ne mai cin ƙarfi da fatar hannu, saboda haka ya fi sauƙi ga mutum biyu masu karɓeɓeniya, ko kuwa a naɗa sandar a tsirkiyar ɗan baka a riƙa ja ana turawa. Larabawan da sun san wannan da wani tsiron hamada, ɗan'uwan yaɗiya, da su ke kira marhu.

Akwai kuma gilashin ƙara girman rubutu, wanda ke tara hasken rana wuri ɗaya. Tabaron karatu na tsofaffi ya kan yi wannan aiki in an yi haƙuri, amma na wanda ba ya hangen nesa ba ya yi, gama watsa haske ya ke yi maimakon tarawa. Aibin wannan hanya a hunturu shi ne, ranar da hazo ya yi kauri har a ke iya duban rana da ido, ƙarfinta ba ya isa. Da dare kuwa, sa'ad da a ke bukatar wutar, babu ita sam.

Laitar da iskarta ta ƙare ma ba a jefar da ita, domin tartsatsinta yana kama auduga. Ɗan abin da ke cikinta, wanda a ke kira ƙanƙarar laita, ba dutse ba ne. Gamin ƙarafa ne da wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya ƙago a 1903, kuma shi ne ke ƙonewa idan dabaran ƙarfe ya kankare shi.

Amma hanyar da ta fi kowace yawa a zamanin da, ita ce kada a bari wuta ta mutu. A kan binne garwashi cikin toka ya kwana, ko a sa shi a busasshen kashin shanu, wanda ke ci a hankali ba harshe, makiyayi ya tafi da shi. Wanda tasa ta mutu sai ya aiki yaro maƙwabta da kasko ya ɗebo. Ƙyastu na matafiyi ne; na zaune a gida maƙwabcinsa ne ashanarsa.

7. Wurin hurawa da haɗarin da ke ciki

Bushewar da ke sauƙaƙa hura wuta ita ce kuma ke sa hunturu ya zama lokacin gobara. Kafin a ƙyasta, a share ciyawa da yayi taki uku ta kowace fuska har ƙasa ta bayyana. A tona ɗan rami marar zurfi, a kare shi ta arewa maso gabas da duwatsu ko tudun ƙasa. Kada a ɗauko duwatsun daga cikin ruwa, domin laimar da ke cikinsu in ta ji zafi ta kan fasa su, ɓarɓashi ya yi tsalle. A bakin kogi, inda rairayi ke da damshi a ƙarƙashi, a fara shimfiɗa ƙirare a hura a bisansu. A nisanci zana da danga da rumbu da tarin kara, musamman waɗanda ke inda iska ta nufa. Tun da aka buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980 motocin dakon mai suka yawaita a hanyoyin kudancin kogi, kuma ba a hura wuta kusa da inda su ke tsayawa, ko da tankin fanko ne, gama tururin da ke cikinsa ya fi man saurin kamawa.

Abu uku ne a ke yawan yi waɗanda ba su kamata ba. Zuba fetur don wuta ta yi saurin tashi ya kan sa harshe ya biyo galan zuwa hannun mai zubawa. Ƙona taya da leda don jin ɗumi yana cika huhu da hayaƙi mai guba. Mafi muni kuwa shi ne ɗaukar kaskon garwashi a shiga da shi ɗaki ko rumfar gadi ko mota a rufe ƙofa da taga. Gawayi mai ci a inda iska ba ta isa ba yana fitar da wata guba marar launi marar wari, mai sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma mai barcin ba lalle ne ya farka ba. Ɗumin da a ke ji a fili, a filin ya kamata a bar shi.

In za a tashi, a zuba ruwa, a motsa tokar da sanda, a sake zubawa, har a iya kusantar da bayan hannu ba a ji zafi ba. Rufewa da ƙasa kaɗai ba kashewa ba ne, ajiya ce, iskar hantsi tana iya tono ta.

8. Kalmomin wuta

Mai nazarin harshe zai lura cewa kowane hawa da aka ambata yana da kalmarsa. Ana ƙyasta ƙyastu ko ashana, tartsatsi ya fita, auduga ta kama. Ana hura wuta da baki, a fifita ta da mafici, a zuga ta da zugazugi, a iza ta da itace, ita kuwa ta ruru. Fitila kunna ta a ke yi, amma in an ce an cinna wa abu wuta ko an banka masa, to, akwai ɓarna a cikin zancen. A tsofaffin littattafai a kan ga fura maimakon hura, saboda musayar da ke tsakanin f da h a karin harshe dabam dabam. Abin da ya rage bayan harshe ya kwanta shi ne garwashi, sa'an nan ruɓushi, sa'an nan toka. Bahaushe ya ɗauki wuta kamar mai rai: tana da harshe, tana ci, tana lafawa, tana mutuwa, ana kuma kashe ta. Daga nan aka ari iza wuta da rura wuta da zuga aka kai su ga husuma tsakanin mutane.

Ashana baƙuwa ce, ita da sunanta. John Walker ya fara sayar da irin wadda a ke ƙyastawa a Ingila a 1827, Gustaf Erik Pasch na ƙasar Suwidin kuma ya ƙago a 1844 irin wadda ba ta kamawa sai a jikin kwalinta. Sunan kuwa daga Yarabanci ya shigo Hausa, inda kalmar ke ɗauke da ma'anar ƙyasta wuta, abin da ke nuna ta kudu hajar ta biyo. Tsofaffin kalmomin biyu kuma kowace ta bi hanyarta. Ƙyastu ya tsira a bakin waɗanda ke kiran laita da shi. Ƙanƙara tana da ma'ana uku, dutsen wuta, da wadda ke faɗowa tare da ruwan sama, da daskararren ruwa, kuma yaron da ya tashi a Barnawa ko Kakuri in an ce ya kawo ƙanƙara, wajen mai firji zai nufa.

Ba laifinsa ba ne, gama bai taɓa ganin ɗayar ba. Amma gyaran ba shi da tsada. Guntun magagari, da farin dutse daga bakin kogi, da tsumma a gwangwani, sun isa malami ko uba ya nuna wa yara aikin cikin yammaci guda, yana kiran kowane abu da sunansa. Yaron da ya hura sheƙar ciyawa har harshe ya tashi a hannunsa ba zai sake tambayar ma'anar ƙyastu ba, in kuma wata rana dare ya yi masa a fili cikin ɗari, ya san ta inda zai fara.